Manjo a Gidan Tarihin Soja

"Kowa ya kwanta! Ƙasa—na ce ƙasa!"

Reza ne ya daka tsawar, ya banke ƙofar gilas da kafaɗa, 'yar bindigarsa ƙirar gida a sama. Gwangwani na biye da shi yana haki, riƙe da wata ta katako da aka shafa wa baƙin fenti. Sun shigo da shirin razana taron jama'a. Abin da suka tarar a zauren Gidan Tarihin Soja na Ƙasa mutum biyu ne: mata mai sayar da tikiti tana ɓarar gyaɗa a aljihun tebur, da tsohon mai gadi yana sharar barci a kan benci, hula a fuska. Kuma rana tsaka ce, ranar aiki.

"Ina sauran?" in ji Gwangwani, kamar wanda aka cuta.

"Sauran wa?" in ji mai tikiti. "Ku ne baƙinmu na farko a makon nan."

"Kwanta, Madam!" in ji Reza.

Ta kwanta, amma sai da ta jawo kwali ta shimfiɗa. Mai gadi kuwa da ma a kwance yake. Gwangwani ya tashe shi, ya sauko da shi ƙasa, ya sake kwantar da shi. Tsohon ya mayar da hularsa fuska.

Sai da aka tabbatar babu wani haɗari sannan shugaba ya shigo. Haka tsarinsa yake, wai babban hafsa ba ya shiga gaba. Dogo ne, ƙirji a bankare, wando ya sha guga. Manjo ake ce masa. Duk wanda ya taɓa zama da shi ya ƙoshi da labarin yaƙe-yaƙensa: gadar da ya tsare shi kaɗai, da harsashin da har gobe ke yawo a cinyarsa.

To, bari in gaya muku abin da Reza da Gwangwani ba su sani ba. Manjo ya zauna a bariki, wannan ba ƙarya. Ya daɗe a can, a bayan gidajen hafsoshi, tsakanin baho da igiyar shanya. Mai wanki da guga ne. Ya san kakin soja ciki da waje. Ya iya ƙamewa, ya iya daka tsawa, don an sha daka masa. Tabon cinyarsa kuwa, dutsen guga ne ya suɓuce masa. Ranar da aka kore shi saboda ya ƙona rigar wani kanar, ya fito da kaki ɗaya a ƙasan jaka, ya ba kansa muƙami a bakin ƙofa. Bindiga kam, bai taɓa harba ta ba. Wai hafsa umarni yake bayarwa.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san wannan: ƙanensa Birki, direban ƙungiyar, wanda ke zaune a mota a waje, inji a kunne. Reza kuwa mutum ne da ya taɓa yanke wa abokin aikinsa kunne a kan ƙaryar da ba ta taka kara ta karya ba. Ranar da ya gane cewa duk tsawon lokacin nan mai guga yake sara wa, ranar Manjo zai kwana a lahira. Manjo ya fi kowa sanin haka.

* * *

Abin ya samo asali ne tun da aka kama mutumin da ke ba su hayar bindigogi. Aiki ya tsaya cak. Abin da ya rage musu buhun harsasai ne, da 'yar ƙirar gidan Reza mai tashi in ta ga dama, da na katako biyu. Sun gwada tare hanya da su, wata 'yar kasuwa ta ƙare wa ta Gwangwani kallo ta ce, "Ɗan nan, fentinka bai bushe ba." Ba su sake gwadawa ba.

Suka taru a matattararsu, gawar wata tsohuwar bas a bayan garejin kanikawa.

"Oga, ni fa ban gane ba," in ji Reza, yana sakace da tsinken ashana. "Manjo guda, a ce ba ka da mutum ko ɗaya a bariki da zai miƙo mana ƙarfe ta katanga? Ko abokan yaƙin naka duk sun sheƙe ne?"

"Reza, ka iya bakinka."

"Ba ni ke tambaya ba, Oga. Cikina ne."

Gumi ya tsargo wa Manjo a gadon baya. Abokansa na bariki biyu ne, mai shara da kuku. Yana cikin laluben amsa sai ya tuno wani shiri da ya gani a talabijin ɗin shagon aski. Ya gyara zama, ya yi murmushin manya.

"Matsalarku ke nan, ƙaramin tunani. Kuna maganar ƙarfe ɗaya ko biyu, ni ina maganar rumbu. Akwai gida a garin nan da bindigogi ke jere a bango kamar kaya a kanti. Mai jigida, mai dogon zango, duk wadda ranka ke so. Mai gadi ɗaya, tsoho tukuf, sanda ce makaminsa."

Gwangwani ya saki baki. "Kuma gwamnati ta bar su haka?"

"Gwamnati ta manta da su."

A nan dai ya faɗi gaskiya, ko da yake bai yi niyya ba.

A hanyar gida Birki na tuƙi, da suka kusa unguwa ya buɗe baki.

"Yaya, ni da kai mun san abin da muka sani. Ina ka san bindigar gidan tarihi?"

"Bindiga bindiga ce."

"An yi mini tayin tuƙa motar burodi. Albashin ba yawa, amma mutum zai kwana a ɗakinsa. Ɗiyarka ta wajena ta fara wayo, jiya take tambayar uwarta wane aiki nake yi."

"Wa ya riƙe ka da Baba ya rasu?"

"Kai ne, Yaya."

"Wa ya tsaya kan guga har ƙafa ta kumbura don ka koyi mota?"

"Kai ne."

"To, wannan ɗaya kawai. In na fito da ƙarafan nan bakin Reza ya mutu. Daga nan ka je ka yi ta rabon burodinka."

Birki ya sauke numfashi, ya sa giya. Yaro ne mai kunya da biyayya, irin wanda da ya faɗa hannun kirki da ya yi kirki. Wallahi har yanzu ina jin haushin wannan shirun nasa.

* * *

Daga can ciki aka ji takun sauri. Wani siririn mutum ya ɓullo, tabarau ɗaure da zare, fuska cike da fara'a. Shi ne mai kula da gidan.

"Baƙi! Maraba, maraba! Kuna son a zagaya da ku? Za mu fara daga zamanin kwari da baka, sannan—"

Ya ga bakin bindigar Reza. Fara'ar ta tsaya a inda take.

"Makullai!" in ji Reza.

"Ga su, ga su. Don Allah kada ku fasa gilas, ba a ba mu kuɗin sayen wani."

Suka tasa shi gaba zuwa babban zaure. Ba wuta. Hasken taga ne ke faɗowa a kan ƙura. Ƙarƙashin hoton jaruman da suka ba da ransu don ƙasa, an ajiye bokiti yana tarar ɗigon rufi. Gefe guda mutum-mutumin sojoji ne a jere cikin kakin zamani daban-daban, wani ba hanci, wani gizo-gizo ya yi masa gemu. A ɗaya bangon kuwa—ga su nan! Bindigogi, sahu-sahu, tun daga ƙasa har sama.

"Wayyo Allah!" in ji Gwangwani. "Oga, mun warke!"

Manjo ya goya hannu a baya, ya shiga duba fareti. Kowace bindiga akwai ɗan kwali a ƙasanta mai bayani. Sai ya saci kallon kwalin, ya ɗaga kai, ya lumshe ido kamar mai tuna tsohuwar masoyiya, sannan ya faɗi sunanta. Gwangwani bai iya karatu ba, Reza kuma ba ya ɓata lokacinsa a kai.

"Wannan na riƙe a gada. Tana da tsalle, sai namiji. Reza, ɗauki. Gwangwani, kai mai jigida, ƙibarka ta yi amfani yau. Wannan gajerar ta Birki ce."

Mai kula ya gyara tabarau. "Amma ranka ya daɗe, ai waɗannan duk—"

Tas! Reza ya ɗauke shi da mari.

"Wa ya tambaye ka?"

Mutumin ya dafe kunci, ya haɗiye sauran maganar. Reza ya zazzage harsasai, ya cika gidan harsashi, ya buga shi a gindin bindigar. Ƙaras! Ƙarar ta yi musu daɗi ƙwarai. Suka shiga lodi a buhu.

* * *

Abin da ba wanda ya lura da shi, akwai 'yar wayar kunne a ƙarƙashin ɗankwalin mai tikiti. Tun safe take hira da yayarta a kan wata maƙwabciya, kuma ba ta kashe ba. Yayar ta ji komai, tun daga tsawa har shimfiɗa kwali. Mijinta kuma saje ne a ofishin 'yan sanda na yankin.

"Yallaɓai! Fashi a gidan tarihin soja!" in ji sajen, yana faɗawa ofishin Sufeto.

Sufeto ya ajiye kofin shayi. "Ina ne kuma haka?"

"Bayan tsohuwar tasha, yallaɓai. Gidan nan mai tankar yaƙi a ƙofa."

"Au, ba wurin gwangwan ba ne? Me ke ciki?"

"Bindigogi, yallaɓai. An ce har da igwa."

Sufeto ya miƙe, ya koma ya zauna. Shekarunsa da yawa a garin, kullum ta nan yake wucewa, bai taɓa leƙawa ba. Haka sajen. Haka duk wanda ke ofishin.

"Igwa! A hannun ɓarayi! Ku kira hedikwata, a turo duk wanda ke numfashi! Kofur, fito da mota!"

"Ba mai, yallaɓai."

"Wadda muka kama da safe fa?"

"Ta mai kaji ce, yallaɓai. Kajin na ciki."

"A sauke su!"

Ba a sami lokacin sauke duka ba. Haka rundunar ta fita, jiniya a hannun kofur, fuka-fukai na tashi ta baya. Kowannensu ya riƙe bindiga, yana karanto duk addu'ar da ya iya. Mutum mai tsoro da makami a hannu, ba abin dariya ba ne, ko da a motar kaji ya zo.

* * *

A ƙarshen zauren akwai wani ƙaramin ɗaki. Ta ƙofarsa Manjo ya hango abin da ya tsayar masa da numfashi: rigar janar, cikin akwatin gilas, da igiyoyin zinariya da lambobin yabo har ciki. Ya goge irinta ba adadi. Bai taɓa samun zarafin zura hannu a ciki ba.

"Ku ci gaba da lodi. Zan binciki ɗakin can. Kai, mai tabarau, biyo ni."

Mai kula ya buɗe akwatin. Manjo ya ɗora hular da ke ciki, ya zura rigar. Ta zauna masa ɗas! Ya kalli kansa a gilas, ya ga mutumin da ya daɗe yana ba da labarinsa.

"Ta yi maka kyau, ranka ya daɗe," in ji mai kula cikin raɗa. "Tun da kai soja ne, na san ka sani. Yaran naka ne nake jin ba su sani ba."

"Me?"

"Bindigogin. Ai duk matattu ne."

"Matattu kamar yaya?"

Mai kula ya zaro wata daga bango, ya juya bakinta wajen haske. "Duba. Kafin a kawo kowacce nan sai an ɗura mata dalma, a bi da walda, a cire abin da ke dukan harsashi. Doka ce. Ko tsuntsu ba za ta kora ba, sai dai a jefe shi da ita. Ai ko kurtun da ya shiga jiya ya san wannan."

Manjo ya leƙa. Inda ya kamata a ga rami, toka-tokan ƙarfe ne a daskare.

"Na sani mana!" Muryarsa ta fito siririya. Ya gyara ta. "Gwada ka nake."

"Na sani, ranka ya daɗe. Sai a gaya musu, kada—"

Manjo ya ciro hankici ya cusa masa a baki. Ya ɗaure shi da igiyar labule, ya tura shi bayan akwati, ya ja ƙofa.

Yana fitowa ya tarar da Reza ya saita bindiga a kan wani mutum-mutumi.

"Oga, bari in ɗana ɗaya mu ji muryarta."

"Kai! Sauke!" Tsawar ta fito da gaske, don tsoro ne ya turo ta. "Kana so duk gari ya ji? Wane irin daƙiƙi ne kai? Ba a gwada makami a filin aiki!"

Reza ya sauke a hankali. Ya dubi rigar janar, ya dubi fuskar da ke samanta.

"An yi maka ƙarin girma ke nan, Oga."

"Ɗauki buhu mu ware."

Lissafin Manjo mai sauƙi ne. A fita lafiya tukuna. Gobe ya san ƙaryar da zai ƙera: damina ta lalata su, ko gwamnati ta yi musu asiri. Bai gama lissafin ba ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Birki ne, ido waje.

"Yaya! 'Yan sanda! Sun tare bakin titi—ta ko'ina!"

Daga waje lasifika ta yi kuka, ta yi tari, sannan muryar Sufeto ta fito tana karkarwa.

"Ku da ke ciki! An kewaye ku! Ku fito hannu a sama! Kuma kada wanda ya taɓa igwa!"

Gwangwani ya saki buhu. "Oga, mu miƙa wuya?"

Ga ƙofa nan Allah ya buɗe. Kalma ɗaya ce: e. Manjo ya buɗe baki zai faɗe ta, Reza ya riga shi.

"Miƙa me? Da mai jigida a hannunmu? Ka ji muryar mutumin nan kuwa? Fitsari yake ji! Ga Manjo guda, wanda ya tsare gada shi kaɗai. Ko ba haka ba, Oga?" Ya matso. 'Yar ƙirar gidan tana soke a ƙugunsa, hannunsa a kanta. "Sai dai in akwai dalilin da zai hana mu harbi. Akwai?"



"Babu," in ji Manjo.

"To, ba da oda."

"Ku... ku fita ta gaba. Ku buɗe wuta, ku kai ga mota. Ni zan hau sama in ba ku kariya. Birki, kai tsaya nan, ina buƙatarka."

"Wa zai ja motar?" in ji Reza. "Kakata?" Ya ɗauki gajerar bindigar ya danƙa wa Birki a ƙirji.

Birki ya juya ta a hannu. Bai taɓa riƙe ko ta katako ba, aikinsa sitiyari. Ya matso kusa da yayansa, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, tsakaninka da Allah. Tana aiki?"

Manjo ya dubi ƙanensa. Ta saman kafaɗar yaron, Reza na kallonsu, bai ko ƙifta ba.

"Tana aiki."

"Shi ke nan, Yaya."

Bai sake tambaya ba. Ya gyara riƙo, ya bi bayansu.

* * *

Suka fito a guje. Reza a gaba, Gwangwani na jan mai jigida kamar mai jan akuya, Birki ya nufi mota.

"Wuta!" Reza ya yi ihu, ya ja kunamar bindiga.

Shiru.

Ya sake ja. Ya jijjiga ta. Ya buga ta da gwiwa—shiru!

"Oga Reza, tawa ta ƙi!" Gwangwani ya ƙwala. "Ta ƙi, wallahi!"

Na ɗan lokaci ba wanda ya motsa. 'Yan sanda na kwance bayan motar kaji, kai a ƙasa, suna jiran mutuwa. Da an ƙara numfashi biyu a haka, da wataƙila wani ya ɗago ya gane. Amma Reza ya yi jifa da matacciyar, ya zaro 'yar ƙirar gida. Yau, duk cikin kwanakin duniya, ta ga dama.

Tau!

"Sun buɗe igwa!" Sufeto ya kurma ihu. "Ku harba! Ku harba!"

Ta-ta-ta-ta! Tau! Tau! Gilasan da ba kuɗin sayen wasu suka zube. Tankar ƙofa ta sha harsashin da ba ta sha ba a zamaninta. Kaji suka watse a titi. Reza ya yi sama ya faɗo, riƙe da cinya, yana zagin duk wanda aka haifa. Gwangwani ya cusa kai ƙarƙashin tanka, rabin jikinsa ya ƙi shiga.

"Na tuba! Na bi Allah na bi ku! Ta katako ce tawa ta asali!"

Birki ya kai ga mota. Ya kama murfin ƙofa da hannu ɗaya. Da ya yar da bindigar, da ya ɗaga hannu, da an gan shi a matsayin abin da yake, direba. Amma yayansa ya ce tana aiki. Ya juyo, ya ɗaga ta, yana ta danna abin da ba ya dannuwa.

Ba a daina harbi ba sai da harsasai suka ƙare.

* * *

Manjo bai hau sama ba. Gidan ma ba shi da bene. Ya zagaya neman ƙofar baya, ya tarar an toshe ta da tarin karyayyun kujeru. Da ya ji takun takalma a zaure, sai ya haye dandamalin mutum-mutumin nan, ya shiga tsakanin marar hanci da mai gemun gizo-gizo, ya ja hular janar ta rufe ido, ya ƙame.

Kai, ya iya ƙamewa! A rayuwarsa wannan ne aikin soja ɗaya da ya yi ba aibu. Sufeto ya wuce ta gabansa, bindiga a gaba, yana leƙa bayan akwatuna. Ya dawo ya sake wucewa. Har ya tsaya ya jingina da dandamalin, ya share gumi, yana kallon bango.

"Ashe haka wurin nan yake da kyau," ya ce. "Sai na kawo yara wata rana."

Saje ya shigo ya sara. "Yallaɓai, biyu a hannu. Ɗaya ya ji rauni a cinya, ɗayan muna kan jawo shi daga ƙarƙashin tanka."

"Na ukun fa?"

"Direban? Ya cika, yallaɓai. Yaro ne ma. Da ƙyar muka ɓamɓare bindigar daga hannunsa."

Sai Sufeto ya ji wani abu a bayansa, kamar kukan ƙofa mai tsatsa. Ya waiwaya. Janar ɗin da ke tsakiyar sahu yana rawa. Ya sulalo a hankali, ya zube a kan dandamali, lambobin yabo na ƙara.

Sufeto ya riga saje kai wa ƙofa. Sai da suka ji gunkin yana kiran sunan wani cikin kuka sannan suka dawo da ankwa.

* * *

Washegari aka yi baje kolin masu laifi a harabar hedikwata. Aka shimfiɗa bindigogin a kan tebur, sahu-sahu. Mai kula ya zo tun da sassafe da kumburarren kunci, yana roƙon a mayar masa da kayansa, yana ƙoƙarin bayyana wa duk wanda ya tsaya cewa matattu ne. Aka ce ya jira a waje. Kayan shaida ne yanzu, sai kotu ta gama, in ta fara.

Kwamishina ya fito, tumbi a gaba, ya tsaya gaban 'yan jarida.

"Jama'a, kun ga abin da muka ƙwato. Makaman da za su iya tashin gari guda. Jami'anmu sun yi artabu da ƙungiyar da wani tsohon manjo na soja ke jagoranta, ƙwararre, wanda ya ga yaƙi iri-iri. Amma mun fi shi dabara."

Ga abin da aka samu a aikin: Reza zai ƙare rayuwarsa da ɗingishi, in an bar masa ita. Gwangwani ya ba da sunan kowa, har da waɗanda ba a tambaye shi ba. Sufeto zai sami ƙarin girma. Mai kaji bai ga ko gashin kajinsa ba. Can bakin ƙofar harabar kuma matar Birki ce tsaye da yarinya a hannu, ta zo karɓar gawar mijinta, an ce ta dawo bayan an gama da 'yan jarida.

Manjo na zaune a ƙasa, ba riga, ankwa ɗaya ta haɗa shi da Reza. Tun jiya Reza kallonsa kawai yake.

Wata 'yar jarida ta miƙo abin magana. "Manjo, a wace bataliya ka yi aiki?"

Ya ɗago. Idonsa ya wuce ta, ya sauka a kan matar da ke bakin ƙofa. Yarinyar ta gane shi, tana ɗaga masa hannu.

"Ni ba soja ba ne," ya ce.

"Ɗaga murya!"

"Ni ba soja ba ne! Wanki da guga nake yi a bariki. Ban taɓa harba bindiga ba. Waɗannan ma ba sa tashi, an gaya mini, na sani. Ƙanena ya tambaye ni, na ce masa suna aiki. Ni na kashe shi. Mai guga ne ni, wallahi mai guga!"

Ankwar ta motsa. Reza ya juyo gaba ɗaya.

Sai Kwamishina ya fashe da dariya, ya buga tebur har bindigogin suka yi tsalle.

"Kun ji ko? Kun ji dabarar tsohon soja! Wai mai guga! An horar da su kan haka, in an kama su su ɓoye muƙami. Ku rubuta manjo."

'Yan jarida suka yi dariya, suka rubuta manjo.

"A mayar da su," in ji Kwamishina. "Ɗaki ɗaya, ba mu da wuri."

Aka ɗaga su tsaye. Reza ya dafa kafaɗarsa don ya sami taka ƙafar, ya kawo baki daidai kunnensa.

"Ni dai na yarda da kai," ya ce. "Mu je."